Darasi Ga Maƙera Da Masu Walda: Sandar Ƙarfe Mai Kusurwa Huɗu Da Gidanta

A wasu garmunan shanu, ƙafar da take riƙe da haƙori sandar ƙarfe ce mai kusurwa huɗu. Tana shiga cikin wani gida mai kusurwa huɗu, a ɗaure ta da noti. An yi ta haka domin kada ta juya in garma ta kama ƙasa. Idan ta karye da damina, manomi yakan ruga wurin maƙeri a yi masa wata. Sau da yawa sabuwar takan ƙi shiga, ko kuwa ta shiga tana girgiɗi, alhali an auna faɗinta daidai. Kafin a gyara, ciyawa ta ci gona. Bari mu duba dalili.

Awo ɗaya bai isa ba

Ba wanda zai iya yin ƙarfe biyu daidai wa daida. Saboda haka injiniyoyi sukan ba da rangwame, wato iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Akwai rangwamen girma, akwai kuma rangwamen siffa. Sanda mai kusurwa huɗu tana bukatar abu huɗu: faɗinta ya yi daidai ta ɓangarorin biyu, kusurwoyinta su tsaya a kan digiri 90, ta miƙe sak, kada kuma ta murɗe.

Ga misali. A ce faɗin sanda milimita 25 ne, cikin gidanta kuwa milimita 26. Ratar da ke tsakani milimita 1 ke nan. Idan zafin walda ya karkatar da kusurwoyin gidan da digiri 2 kawai, abin da ido ba ya cika gani ba, kusan rabin milimita ya tafi. Idan kuma sandar ta tanƙwara da rabin milimita a sashen da zai shiga, sauran ratar ta ƙare. Awon faɗi daidai yake, amma sanda ba za ta shiga ba sai da guduma. Mu riƙe wannan: kowane kuskuren siffa daga cikin rata yake ci.

Yadda za mu gwada

1. Miƙewa. Mu ɗora gefen rular ƙarfe a kowace fuska, mu ɗaga sama wajen haske. Inda haske ya ɓullo, nan ta tanƙwara. Kaurin takardar littafi kimanin milimita 0.1 ne. In takarda 3 sun shige ƙarƙashin rula, a miƙar da sandar tukuna.

2. Kusurwa. Mu yi amfani da sikwayar kafinta. Ga gidan kuwa, mu auna bakinsa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta hanyoyin biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, gidan ya karkace.

3. Murɗewa. Mu kwantar da sanda a kan ƙarfe mai bai ɗaya, mu danna kowane kai. In tana rawa, ta murɗe.

4. Lungunan ciki. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu lungunansa na ciki ba su da kaifi, kuma yakan kasance da zanen walda a ciki. Mu goge kaifin kusurwoyin sanda da magagari, mu share zanen waldan.

Idan har yanzu ta ƙi, a shafa mata alli, a tura ta da hannu, a zaro. Inda alli ya goge, nan kaɗai za a ci da magagari. Wanda ya goge dukan fuskoki zai ƙare da sanda mai girgiɗi. Girgiɗi kuwa yakan cinye kusurwoyi, noti ya riƙa kwancewa, kunya ta fita a karkace.

Ma'aunin gwaji

A shekarar 1905 wani injiniya ɗan Ingila, William Taylor, ya kawo ƙa'idar da ake bi har yau: ma'aunin da ke gwada shiga, dole ya kasance da cikakkiyar siffa da cikakken tsawon abokin haɗin. Mu ma muna iya yin haka. Kowane maƙeri ya ajiye gida ɗaya mai kyau, mai tsawon na garma, kada ya yi aiki da shi sai gwaji. Sandar da ta wuce ta cikinsa da ƙarfin hannu kawai ta ci jarrabawar siffa. Sa'an nan a auna faɗinta wuri wuri, kada ta sirance fiye da kima. A yi gwaji bayan walda ta huce, gama ƙarfe yakan ja sa'ad da yake sanyi.

Manoma kuma, ku zo da garmar kanta, ba guntun sandar kaɗai ba. Ku kawo gyara tun da rani, lokacin da maƙeri yake da sukunin gwadawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne sanda mai kusurwa huɗu take bukata?
2. Rata milimita 1 ce, sanda ta tanƙwara da milimita 0.6. Nawa ya rage?
3. Don me ɗan gajeren ma'auni ba zai nuna tanƙwara ba?