Darasi a kan Barin Tsokana da Danne Fushi a Lokacin Kaka

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kaka ta gabato. A wannan lokaci garkuna ke gangarowa daga wajen Gadabeji da Bermo, su ratsa kwarin Tarka zuwa kudu, alhali wasu manoman ƙasar Dakoro da Kornaka ba su gama kwashe gero da wake ba. Ɓarna takan auku, kuma tana da hukunci da farashi a shari'a. Abin da ke zubar da jini shi ne tsokana da fushin da ke biyo bayanta.

Mu tuna da Toda, a nan jihar Maradi. A watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara waɗanda ba su taka gonar kowa ba. A 2016 irin wannan musiba ta faɗa wa Bangi, a ƙasar Madawa maƙwabciyarmu. Damin gero nawa ne zai biya rai guda?

Allah ya ba mu labarin irin wannan shari'a a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da 79, inda tumaki suka shiga gona da dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Sulaimanu ya hukunta mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu, mai tumaki kuwa ya gyara gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. An biya haƙƙi, babu wanda ya talauce. Haka nan Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗora tsaron gonaki da rana a kan masu su, ɓarnar dare kuma a kan masu dabbobi.

Saboda haka muna yi wa kanmu wasiyya da abubuwa huɗu:

1. Mu kame harshe. Gori na ƙabila da habaici a bakin rijiya ko a kasuwa tsokana ce, kuma baki shi ke yanka wuya.

2. Mu bar tsokana ta aiki. Mai nome burtali da mai sakin dabba cikin gona da gangan duk sun tono faɗa.

3. In fushi ya taso, Sunna ta koyar da mu neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama idan muna tsaye, da yin alwala. Kada mu yanke shawara da sanda a hannu.

4. Mu binciki labari kafin mu yi gangami, kamar yadda Suratul Hujurati ta umarta, kuma kada mu kama wani da laifin wani. Mu kai ƙara gaban maigari da arɗo, ko kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a duba ɓarna, a ƙimanta, a biya.

Wanda ya haɗiye fushinsa alhali yana da ikon ramawa, shi ne jarumi a wurin Allah. Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya sa mu ga ƙarshen kaka lafiya. Amin.