ƊINKIN KWANDON FURANNI DA HANNU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu, musamman na hayin kogin Kaduna ta kudu, watau Kakuri da Makera da Barnawa da unguwannin da ke maƙwabtaka da su. Mai yiwuwa wani Hakimi ya ce ina ruwan sarauta da allura da zare. To, ga dalili.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na ƙasar Ingila. Nortex ta biyo baya a 1962, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko wane lardi, hayin kogi ya cika ya batse, ko wane gida na jiran ƙarshen wata. Amma Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsai da aiki a 2007, aka bar gidaje masu yawa ba albashi. A irin waɗannan gidaje, abin da uwargida ta samu da hannunta ya kan zama kuɗin cefane, ko kuɗin makarantar yara. Ɗinkin ado a rigar matashi da zanen gado da mayafin tebur sana'a ce wadda ba ta bukatar keke, ba ta bukatar lantarki, mace kuwa tana iya yinta a tsakar gidanta ko da tana cikin kulle. Masu saye ba su yankewa, domin babu uwar da ke son a jera wa 'yarta ɗaki gado tsirara.

Ɗinkin ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maɗinkan birnin Zariya sun daɗe da yin suna wajen aska biyu da aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga, da zaren tsamiya ko alharini. Kwandon furanni shi ne baƙo, daga Turai ya zo, ya shigo ta makarantun 'yan mata inda a ke koyar da aikin gida. Ya karɓu ga Musulmi da Kirista duka, kuma babu siffar mutum ko dabba a cikinsa, sabo da haka ba ya jawo magana a ko wane gida.

KAYAN AIKI DA ZANE

Farin yadin auduga mai ƙarfi ya fi dacewa. Akoko ma ya yi, amma lalle a wanke shi ya bushe tukuna, domin yana tsukewa a wankin farko, in kuwa ya tsuke bayan an gama, ɗinkin zai tattare. Zaren da ya fi kyau shi ne na auduga mai sili shida, irin na Anchor ko DMC, wanda ƙullinsa guda ke da tsawon mita 8. Kafin a sa allura, a jiƙa guntun ko wane launi, a matse shi cikin farin ƙyalle. Wanda ya bar tabo a ajiye shi, ko nawa aka saye shi. Ja da shuɗi su suka fi zuba, kuma jan zare ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin mako biyu. Akwai zoben katako mai haɗe biyu da a ke ɗame yadi a ciki. Wadda ba ta da shi tana iya ɗaure yadin a bakin tsohuwar rariya da aka cire wa raga.

Wajen zane ne malamin Hakimi zai fi yin amfani, tun da ya ke hannunsa ya saba da alƙalami. Sai ya zana kwando a takarda, faɗinsa inci 4 daga sama, inci 3 daga gindi, tsayinsa inci biyu da rabi, mariƙinsa ya tashi sama kamar baka. A bakin kwandon ya sa manyan furanni uku, ƙanana biyar ko bakwai, da ganye yana leƙowa ta gefe. Kada ya jera su sahu kamar 'yan doka a fagen fareti. Wani ya ɗara wani tsawo, wani ya sunkuyo ta gefen kwandon. Mai ɗinki ta ɗora yadinta a kan takardar, ta manna su a gilashin taga da rana, ta bi layin da fensir a hankali. Kada a yi amfani da biro, kada kuma malam ya ba da takardar kabon ta ofis don taimako, domin tawadarsu ba ta fita da wanki sai da wahala, wani lokaci ma ba ta fita sam.

LAUNUKA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba ko wane launi da a ke da shi, har ido ya rasa inda zai sauka. Launi shida ko bakwai sun isa. Kwando ya sami ruwan ƙasa iri biyu, mai duhu da mai haske. Ganye ya sami kore iri biyu, mai duhun a ƙasa kusa da bakin kwando, mai hasken a sama. Babban furen tsakiya ja, na damansa ruwan ɗorawa, na hagunsa ruwan hoda. Ƙananan furanni shuɗi, ko fari in yadin ba fari ba ne. Mai neman lamba a zaren DMC, 321 ja ne, 699 kore, 725 rawaya, 801 ruwan ƙasa mai duhu.

Wadda ta ke shakka ta fita bayan gida ta duba. Furen kuɓewa rawaya ne, cikinsa ja mai duhu, ya fi ko wane littafin Turawa koyar da yadda launi biyu ke zama tare. Furen auduga kuwa ya kan buɗe fari-fari, kashegari ya koma ruwan hoda, sabo da haka ba laifi a haɗa waɗannan biyu a fure ɗaya.

ƊINKIN KANSA

A yanki zare kamu ɗaya, kada ya fi haka, domin dogon zare ya kan sarƙe ya kuma koɗe. Da kwando a ke farawa, kuma ba ɗinka shi a ke yi ba, saƙa shi a ke yi, aikin da tsofaffin ma'aikatan Kakuri za su gane nan take. Da sili shida na ruwan ƙasa mai duhu a miƙa layuka a tsaye daga baki zuwa gindi, kusa da juna, adadinsu mara, misali 15 ko 17. Sa'an nan a ɗauki mai hasken, a fito da shi ta gefe, a riƙa bi ta saman layi ɗaya, ta ƙarƙashin na gaba, ba tare da huda yadin ba sai an kai ɗaya gefen. A dawowa a juya, wanda aka bi ta samansa a bi ta ƙarƙashinsa. Ya fi sauƙi a tura allurar ta wajen kafarta, don kada tsininta ya tsaga zaren. Bayan ko wane layi a matsa shi jikin na baya da farce. In aka ja zaren da ƙarfi kwandon zai tsuke a tsakiya kamar kalangu.

Bakin kwando da mariƙi da ɗinkin sarƙa a ke yinsu, wanda duk mai ɗinkin riga ya sani: a fito da allura, a mai da ita ramin da ta fito, a fito gaba kaɗan zaren na ƙarƙashin tsininta, a ja. Layi biyu a mariƙi, mai duhu da mai haske, sun isa.

Daga nan sai a koma sili uku. Karan fure da jijiyar ganye ana yinsu da ɗinkin da ke fita kamar murɗaɗɗiyar igiya: a yi taki ɗaya gaba, a dawo rabinsa a fito, zaren kullum yana gefe guda. Manyan furanni da ganye ana cike su ne da zare a jere, ko wane yana manne da ɗan'uwansa har yadin ya ɓace. Wannan shi ne mafi wuya, shi ne kuma mai saye ke fara dubawa. Kada tsawon taki ya wuce rabin inci, in ya wuce zai yi sako-sako, ɗan kunne ko farce ya kama shi. Ƙananan furanni ba wuya, idon sarƙa guda-guda ne, biyar ko shida kewaye da tsakiya, a kafe kan ko wane da ɗan gajeren taki. A ƙarshe a yi ƙulli a tsakiyar furanni: a naɗa zaren sau biyu a jikin allura, a soka ta dab da inda ta fito, a riƙe zaren da hagu har ya shige.

Gwanayen mata su kan juya aiki su dubi bayansa kafin su yi ciniki. Kada a bar ƙulli ko jela a baya, a cusa ƙarshen zare ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi. Kada kuma a tsallaka da jan zare daga wannan fure zuwa wancan, zai nuna ta cikin farin yadi.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, shanya a inuwa, guga ta baya a kan tawul. Ba a kai wa mabuga, domin bugun da ke sa babbar riga ƙyalli shi zai murƙushe ƙulli da saƙar kwandon.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Ana roƙon ko wane Hakimi ya sa masu unguwanninsa su nemi matan da suka riga suka iya, domin su koya wa na ƙasa da su, kuma a yi haka da yardar mazajensu. Malam ya kwafi zanen da yawa, ya ba ko wane mai unguwa. Ya kuma taimaka da lissafi, domin mata da yawa su kan ƙidaya kuɗin yadi da zare su manta da kwanakin da suka yi suna aiki, dillaliya ta kwashe ribar. A rubuta kuɗin yadi, da ƙullin zare nawa aka ci, da kwana nawa aka yi, kafin a yanka wa rigar matashi kuɗi a kai ta kasuwar Kakuri ko Kasuwar Barci.