Darasi a kan Hatsin Gida da Hatsin Kasuwa

Da sunan Allah muke farawa. Darasinmu na wannan mako a kan cimar gida yake.

Ku sani, ya 'yan'uwa, mun ga 'yan hatsi da yawa sun karye alhali ba faɗuwar farashi ce ta karya su ba, ba kuma ɓarawo ba. Gidansu ne ya cinye jarin kaɗan-kaɗan. Yau a ɗebi kwano biyu a rumfa a kai gida, gobe a ɗebi uku don an yi baƙi, ba a biya ba, ba a rubuta ba. Ranar lissafi sai a ga buhu ya yi ƙafa, a hau zargin yaron rumfa. To maganin wannan shi ne a raba hatsin gida da na kasuwa. In ka ɗiba daga rumfa, ka saya daga hannun kanka a farashin ranar, ka zuba kuɗin cikin jari, ka rubuta.

Bayan haka, sai ka san abin da gidanka yake ci. A awon Kano buhu yana ɗaukar kwano 40 ko kusa da haka. Gidan da ake cin kwano 2 kullum, a kwana 365 ya ci kwano 730, wato buhu 18 da kwano 10. Yanzu ku duba: in kullum rubu'in kwano yana salwanta, ko a wurin niƙa, ko tuwon da ya kwana aka zubar, a shekara kwano 91 ke nan, ya haura buhu biyu. Mutum zai yi rabin yini yana ciniki a Dawanau don a rage masa ɗan abu a buhu, ga buhu biyu suna fita ta ƙofar gidansa bai sani ba.

In ka san lissafinka, sai maganar lokacin saye. Gero yakan shigo kasuwa wajen Satumba, wake ya biyo baya, dawa kuwa sai Nuwamba zuwa Disamba. A mafi yawan shekaru da kaka hatsi ya fi araha, tsadarsa kuma sai tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Mai sayen kwano-kwano shi ke biyan wannan tsada duka. Wanda ba shi da ƙarfin na shekara ya sayi na wata uku, amma ya ɓoye shi sai damina, da rani ya ci gaba da awo. Masu adashi su nemi kwasarsu ta faɗo da kaka.

Wani zai ce, ai ajiya ba kullum take ci ba. Gaskiya ne. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ta gigita mutane, a 2025 kuma farashi ya sauko, waɗanda suka tara don riba da yawa suka yi asara. Amma wannan ajiyar kasuwa ce. Ajiyar gida ba riba ake nema da ita ba. In farashi ya sauka, ɗan bambanci ka rasa, abincinka na nan. In kuwa ya tashi kamar shekarun fari na 1973 da 1984, ko abin da ya sami mutanen Nijar a 2005, to shi ne mutuncin gidanka. Wanda ya ga waɗannan shekaru ba ya wasa da rumbu.

Sai dai ajiya tana da sharaɗi. Kada ka ɗaure hatsi sai ya bushe ƙayau, ka ciji ƙwaya ka ji ta fashe. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a sa katako a ƙarƙashinsa saboda danshi da gara. Gero a zangarniyarsa ya fi daɗewa bisa ga sussukakke. Wake shi ƙwaro ya fi so. Iyayenmu da toka da barkono suke tsare shi. Yanzu akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar: a ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta taf. Amma zuba maganin ƙwari na feshi cikin abin da yara za su ci, wannan ba tattali ba ne, ganganci ne.

Saura cikin gida, kuma nan sai da shawarar uwargida, don ita ta san tukunya. A auna tuwo da yawan bakin da ke gida a ranar. Wanda ya kwana a yi ɗumame, ƙanzo a shanya. Dusa kuɗi ce, ko a sayar ko a ba akuya da kaji. Tumatir da kuɓewa a saya lokacin arahar su a busar. Gishiri da manja da sabulu, sayen ƙulli-ƙulli ya fi sari tsada.

Kada wani ya ɗauki wannan darasi hujjar ƙuntata wa iyali. Ciyar da su wajibi ne a kan maigida, tattali daban, ƙwauro daban. Abin da muke nema a ƙoshi da kaka, a ƙoshi da damina. Daidai ruwa daidai tsaki.

Aikin wannan mako: kowa ya auna abin da gidansa ya ci a kwana bakwai, ya rubuta, ya lissafa na shekara tun kafin ya fita sari. Allah ya sa albarka a abin da muke nema. Wassalamu.