Makarin Gubar Sayanayid

Ba sabon labari ba ne a ji mutane sun ci rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi sosai ba, amai da jiri su kama su, wani lokaci har a rasa rai. Abin da ke jawo haka shi ne sinadarin linamarin da ke cikin rogon, wanda ke sakin gubar sayanayid. Haka nan ana shaƙar wannan guba a hayaƙin gobara idan roba ko katifar soso ta ƙone.

To, yaya take kisa? Takan shiga ƙwayoyin halitta ta manne wa ƙarfen da ke jikin sinadarin da ke ba su damar amfani da iskar oksijin. Jini na ɗauke da iskar a wadace, amma ƙwayoyin sun kasa karɓa, kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne ke fara gazawa.

Hanta tana da nata makari. Takan haɗa gubar da farar wuta ta mai da ita tayosayanet, wanda ke fita a fitsari, sai dai aikin yana da jinkiri. Allurar sodiyam tayosalfet ƙarin farar wuta ce ga hanta. Tun shekarun 1930 ake haɗa ta da sodiyam naitirait, wanda ke sauya wani kaso na himogulobin ya zama tarkon da ke fizgo gubar daga ƙwayoyin. Amma fa himogulobin da ya zama tarko ba ya ɗaukar oksijin, saboda haka naitirait hatsari ne ga mai ƙarancin jini da wanda aka ciro daga gobara.

A ganina, makarin da ya fi dabara shi ne haidiroksokobalamin, wanda Amurka ta amince da shi a 2006. Yana ɗauke da ƙarfen kobal, kuma da zarar ya cafke gubar sai su biyun su zama bitamin B12, ƙoda ta fitar. Ana ba babba giram 5 ta jijiya cikin minti 15, tare da oksijin. Fatarsa da fitsarinsa kan yi ja na 'yan kwanaki.

Duk waɗannan aikin likita ne. Madara ko manja da ake ɗura wa majiyyaci ba makari ba ne, suna cin lokacin da ya kamata a garzaya asibiti, kuma suna iya shaƙe wanda ya suma.