Za Ta Rabu Ko Ba Za Ta Rabu Ba? Amsa Ga Wani Malamin Lissafi Daga Rogo

Wani malamin aji biyar a wata firamare ta Ƙaramar Hukumar Rogo ya aiko da kukansa. Ya ce ya rubuta wa ɗalibansa ƙa'idojin gane lambar da za ta rabu gida 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9 da 10 ba saura. Sun kwafe, sun haddace, har rerawa suke yi. Da ya yi musu gwaji sai abin ya dagule. Wasu suka ce 134 za ta rabu gida 4 tunda da 4 ta ƙare, wasu suka ce 523 za ta rabu gida 3 bisa wannan hujjar, wasu kuma suka tara alƙaluman lamba don su gane ko 8 za ta shiga cikinta. Yana tambaya: ya ƙara musu hadda ne, ko ya tsallake babin?

Malam, kada ka ƙara hadda, kada kuma ka tsallake. Kuskuren yaranka na masu tunani ne. Sun ga duba alƙalamin ƙarshe ya yi aiki a 2 da 5, sai suka ce me zai hana ya yi a 3 da 4? Ba wanda ya nuna musu abin da ya hana. Idan aka jera ƙa'idojin nan daga 2 zuwa 10 kamar yadda littafi ke yi, yaro zai ɗauke su abu takwas da babu dangantaka a tsakaninsu. Alhali duk daga tambaya guda suka fito: in an raba 10, ko 100, ko 1,000, nawa ke saura?

Ka yanka kwali ka yi kuɗin wasa, takardun naira 10, naira 100 da naira 1,000 kawai, ƙwayar masara kuma ta tsaya a matsayin naira ɗaya. Fara da abin da suka sani, wato cika da mara. Duk takardar naira 10 tana rabuwa tsakanin mutum biyu ba rigima, haka tsakanin mutum biyar ko goma. Ɗari da dubu ma tarin gomomi ne. To komai tsawon lamba, takardun duk sun rabu, ƙwayoyin masaran nan na ƙarshe kaɗai ake tambaya a kansu. Dalilin duba alƙalamin ƙarshe ke nan, kuma yaro zai gane shi cikin darasi guda.

Sai ka fito da yara huɗu gaban aji ka miƙa musu naira 10. Kowa ya sami 2, saura 2. Goma ta ƙi. Ka ba su naira 100: kowa 25, ba saura. Ashe a wajen 4 ɗari ce ke rabuwa, don haka a kawar da ɗaruruwa da dubbai gefe, a dubi alƙaluma biyu na ƙarshe. A 7,316 ana duba 16, ta rabu. A 134 ana duba 34, ba ta rabu ba, kuma wanda ya yi kuskure a gwajinka zai ga inda ya zame da idonsa. Ga mutum takwas ɗari ma ba ta isa ba, domin kowa 12 ne, saura 4. Sai dubu, kowa 125. Saboda haka alƙaluma uku ake dubawa. Idan ukun sun yi wa yaro nauyi, ya raba biyu sau uku: a 35,120 ya ɗauki 120, ta koma 60, ta koma 30, ta koma 15. Tunda bai ci karo da mara ba sai bayan rabi na uku, 8 ta shiga.

A kan 9 nake so ka daɗe, ko da zai ci maka mako guda. Fito da yara tara. Naira 10: kowa 1, saura 1. Naira 100: kowa 11, saura 1. Naira 1,000: kowa 111, saura 1. Bahaushe ya riga ya sauƙaƙa maka wannan a ƙidayarsa, domin 99 ɗari ba ɗaya ce, 999 kuma dubu ba ɗaya. Kowace takarda, komai girmanta, ƙwaya ɗaya tak take bari a ƙasa. Yanzu ka rubuta 4,527 a allo ka bar su su raba. Dubu huɗu za su bar ƙwaya 4, ɗari biyar su bar 5, goma biyu su bar 2, ga kuma 7 da ke nan tun farko. A tara su: 18. Wannan ɗan tarin ne kaɗai ba a raba ba, kuma yana rabuwa, kowa 2. Ka sa su lissafa abin da ke hannun kowane yaro: 444 da 55 da 2 da 2, wato 503. Kada ka faɗa musu ƙa'idar. Ka ba su lamba ta biyu da ta uku, za ka ji wani daga bayan aji ya ce, “Malam, ai lambobin kawai ake haɗawa.” Ranar nan ka gama aikinka a wannan babin. Ƙa'idar 3 za ta biyo baya ba wahala, tunda duk abin da ya rabu gida 9 ya rabu gida 3.

Akwai riba ta biyu da littattafai da yawa ba sa ambata. Jimlar alƙaluman tana faɗin saura ma. A 4,530 jimla 12 ce, in an cire 9 saura 3, kuma wannan 3 ɗin shi ne zai rage in an yi dogon rabawa.

Inda manya ma ke faɗuwa shi ne haɗa ƙa'ida biyu. Gaskiya ne lambar da ta rabu gida 2 da gida 3 ta rabu gida 6. Daga nan yaro sai ya ce to 12 ai 2 sau 6 ce, bari ya gwada 2 da 6. Ka ba shi 18: ta rabu gida 2, ta rabu gida 6, ta ƙi 12. Dalili kuwa 2 tana cikin 6 tun da farko, abu ɗaya ya gwada sau biyu. Sai an zaɓi lambobi biyu da ba wata lamba sama da 1 da ke shiga cikinsu duka. Na 12, a gwada 3 da 4. Na 24, a gwada 3 da 8, domin 36 tana rabuwa gida 4 da gida 6 amma ba ta rabuwa gida 24.

Kada ka ga kamar 24 ta yi wa 'yan aji biyar nisa. Da yawansu suna zuwa Islamiyya, kuma nan gaba kaɗan za su haɗu da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi a babin gado. Ga misali na lissafi zalla, hukuncin rabon kuwa na malamai da alƙalai ne. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, mahaifinsa ya riga shi. Bayan biyan bashi da wasiyya an sami naira 1,848,000. Matar tana da sumuni, mahaifiyar tana da sudusi, don haka gida 24 za a kasa dukiyar. Za ta kasu? Ta ƙare da sifiri uku, 8 ta shiga. Jimlar alƙalumanta 21, 3 ta shiga. An sani ke nan tun kafin a fara. Kowane kaso 77,000 ne: matar kaso 3, wato 231,000, mahaifiyar kaso 4, wato 308,000, saura 1,309,000 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, ke nan gida 7 za a yi.

Ga mu a kan 7, wadda ba ta da sauƙin hali. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce a cire alƙalamin ƙarshe, a ninka shi biyu, a ɗebe daga abin da ya rage. A bar sifiran, a ɗauki 1,309: 130 a ɗebe 18, saura 112, 11 a ɗebe 4, saura 7. Ta rabu, 'yar ta sami 187,000, kowane ɗa 374,000. Ƙa'idar daidai take, amma a ganina ba ta cancanci lokacin ɗan firamare ba. Bayyana dalilinta da kwali da masara yana da wuya, kuma sau da yawa rabawar kai tsaye ta fi sauri. Ka ajiye ta, da ta 11, ga 'yan ƙalilan da suka gama aiki da wuri suna neman abin da za su ƙalubalanci juna da shi.

Wannan ilimi ya daɗe. Ibnul Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya kawo gwada lissafi ta hanyar zubar da 9 da 8 da 7 a littafinsa na hisabi. Fibonacci, wanda ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sa irin wannan gwaji a littafinsa na 1202. A ƙarni na 17 Pascal na Faransa ya nuna cewa duk ƙa'idojin daga sauran 10 da 100 da 1,000 suke fitowa, abin da kwalayenka ke nunawa ke nan. Lura da abin da magabatan suka fi amfani da shi a kai: duba ko lissafin da aka riga aka yi daidai ne. Wannan ya kamata yaranka su tafi da shi gida.

A ce yaro ya ninka 347 sau 26 ya sami 8,922. Ya tara alƙaluman 347, su ba shi 14, ya sake tarawa, 5. Na 26 kuma 8. Ya ninka 5 sau 8, 40, wato 4. Dole amsar gaskiya ita ma ta koma 4. Amma 8,922 tana ba da 21, wato 3. Akwai kuskure, kuma shi ya kama kansa kafin jan biro ya kama shi. Amsar ita ce 9,022, jimlarta 13, wato 4. A ajin da yara suka yi yawa har malami ba ya iya duba littafin kowa kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai ka gargaɗe su: gwajin yana tona kuskure, amma ba ya rantsuwa cewa amsa daidai ce. Wanda ya rubuta 9,202 maimakon 9,022 zai tsallake, domin sauya wa alƙaluma wuri ba ya canza jimlarsu. Wannan raunin ma yana da amfani a kasuwa. Duk lokacin da aka juya alƙaluma biyu, bambancin yana rabuwa gida 9. Mai sayen hatsi ko mai POS da ya rubuta 5,400 a maimakon 4,500 zai ga gibin 900 da yamma. In gibi ya rabu gida 9, ya fara neman inda hannunsa ya juya lamba kafin ya zargi yaron shago.

Wajen atisaye, ka ɗauko lambobi daga rayuwarsu. Tsohon katin waya da aka kankare yana ɗauke da doguwar lambar da ba yaron da zai so ya raba ta da hannu, amma cikin minti ɗaya zai faɗa maka ko 3, 4 ko 9 za su shiga. Ɗan manomin damina ya san ana fitar da ɗaya cikin 10 na hatsi zakka, wanda kuma mahaifinsa ke ban ruwa da inji a gefen madatsar Challawa ta Karaye zai ji ana cewa ɗaya cikin 20, na kuɗi kuma ɗaya cikin 40. Ka tambaye su wace ƙa'ida za su ƙirƙiro wa 20 da 40, ka ga ko wani zai ce 4 da 5, da kuma 8 da 5. Ka yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan ka ba su kalmomin Turancin da za su tarar a takardar jarrabawa, domin babin rage kaso da na HCF da LCM duk a kan wannan za su hau.

A gwaji na gaba, kada ka tsaya a “za ta rabu ko ba za ta rabu ba”, domin mai canki-canka ma zai ci rabin makin. Ka rubuta 52_4 a allo ka ce su nemo alƙalamin da za a cike gurbin da shi don lambar ta rabu gida 9, sannan duk waɗanda za su sa ta rabu gida 4. Na farko amsa ɗaya ce, 7. Na biyu amsa biyar ce: 0, 2, 4, 6 da 8.