Darasin Lafiya: Yaro Mai Tatata da Bikin Kirsimati

Ranar 25 ga watan Disamba ita ce ranar Kirsimati, wadda mutanen Yamai da dama ke kira Nowel. Ranar hutu ce a ƙasar Nijar baki ɗaya. Kiristoci suna zuwa majami'a, suna dafa abinci, suna aika wa maƙwabtansu Musulmi, kamar yadda su ma ake aiko musu da nama ranar layya. Darasinmu na yau ya shafi ƙaramin cikin gida, wato yaron da ya fara tafiya, daga shekara 1 zuwa 3. Abin da za mu faɗa zai amfani kowane gida, domin haka hidimar take a ranar salla, ko suna, ko aure.

Kwanaki kafin biki, kasuwar Katako takan cika maƙil. Ana sayen tukwanen dalma da murhun gawayi da maƙera ke ƙerawa a nan. Ana sayen shinkafa da mai da tufafin yara. Mu ɗauki misalin gida ɗaya a unguwar. Uwa tana gaban murhu tun asuba. Uba ya tafi neman kaji. Baƙi suna shiga suna fita. Yaro kuwa yana yawo tsakanin ƙafafun mutane. Kowa yana zaton wani ne ke duba shi, alhali ba mai dubawa. A irin wannan lokaci ne haɗari ke aukuwa.

Saboda haka, ga shawara ta farko, wadda ta fi sauran muhimmanci: a ranar biki a zaɓi babban mutum ɗaya, a ce masa yau aikinka yaron nan. Idan zai tashi, ya damƙa yaron a hannun wani, ya faɗa da baki. Kada a bar wannan aiki ga yarinya ƴar shekara 6 ko 7, domin ita ma wasa ke ranta.

1. Sanyi da ƙura

A watan Disamba, rana takan yi zafi a Yamai har ta wuce digiri 30, amma da dare da asuba sanyi yana sauka sosai. Iskar hunturu kuma tana ɗauke da ƙura. Idan za a je addu'ar daren 24 ga wata da yaro, a sa masa rigar sanyi da hula da safa. A yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito, a shafa masa man kaɗanya don kada fata ta tsage.

Mura da tari sun zama ruwan dare a wannan lokaci, kuma yawancinsu suna warkewa da kansu. Amma wani tarin alamar ciwon huhu ne, wanda ke kashe yara da sauri. Ga yadda za a gane shi. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ga yaron da ya kai shekara 1, idan numfashi ya kai 40 ko ya fi, ya yi sauri. Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan iska, ko ya kasa shan nono da ruwa, ko yana ta barcin da ba a saba gani ba. A kai shi gidan likita a ranar, ko da ranar bikin ce. Kada a ce sai baƙi sun watse.

2. Wuta da ruwan zafi

Yaro mai tatata bai san wuta ba. Yana ganin garwashi ja, sai ya kai hannu. A girka murhu a kusurwa, a kange shi. A ajiye tukunyar miya da kaskon mai inda ba zai kai ba. Kada uwa ta riƙe yaro tana suya. Tokar da aka kwashe takan ɓoye garwashi, sai a yayyafa mata ruwa.

Kada a kwana da gawayi mai ci a cikin ɗaki rufe. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Tana iya kashe mutanen ɗaki duka suna barci.

Wasan wuta mai fashewa da samari ke yi a ƙarshen shekara ba na ƙananan yara ba ne. Yana ƙona yatsu, yana lalata ido.

Idan yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, amma a rufe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi. Kada a shafa ƙwai, ko man goge haƙori, ko toka, ko mai. Kada a fasa ƙurar da ta tashi. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi gidan likita. Idan gobara ta tashi, lambar ƴan kashe gobara ita ce 18.

3. Abin da ke shaƙe yaro

Maƙogwaron yaro ƙarami ne, kuma bai iya tauna sosai ba. Gyaɗa, da aya, da alawa mai tauri, da ƙashin kaza ko na kifi, duk suna iya toshe masa hanyar iska. Haka ma kwabo, da maɓalli, da fasasshen balan-balan, da ƴan ƙananan batura masu kama da maɓalli. Wanda zai saya wa yaro abin wasa a kasuwa, ya ja shi, ya girgiza shi. Idan wani ɗan yanki ya fita, kada ya saya.

Idan yaro ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi gaba, a buga bayansa tsakanin kafaɗu da tushen tafin hannu har sau 5. Kada a zura yatsa cikin bakinsa ana laluben abin da ba a gani, domin ana iya ƙara tura shi ciki. A gaggauta neman taimako.

4. Kwalabe

Ranar biki kwalaben lemo suna ko'ina, yaro ya saba ganin ana sha. To, idan an zuba kananzir ko fetur ko maganin ƙwarin lambu a cikin irin wannan kwalba, zai ɗauka ya sha. A rataye su sama, nesa da hannunsa. Idan har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa mai ko madara. A kai shi asibiti tare da kwalbar. Ragowar abin sha mai sa maye da aka bari a kofi shi ma guba ne ga yaro.

5. Abinci da barci

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya jiran a gama babban girki. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, tare da nonon uwa. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya ci. Yanzu ne lokacin kayan lambu. Masu noman rani na bakin kogin Kwara suna kawo karas da kabeji da tumatir. A dafa su da laushi, a haɗa da ganyen zogale, da ƙwai ko nama da aka yayyanka ƙanana. Lemon kwalba da alawa suna cika ciki ne kawai, ba sa gina jiki.

A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci. Abincin da ya kwana, a ɗumama shi har ya yi zafi sosai. Idan zawo ya kama yaro, a karɓo ƙullin ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc a gidan likita. Kafin a samu, a haɗa na gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a daina ba shi nono da abinci.

Yaro na wannan shekaru yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da yini. Idan hayaniya ta hana shi barci, sai ya yi ta rigima. Wannan gajiya ce. Kada a doke shi. A kai shi wuri mai shiru, a goya shi, ya huta.

6. Katin allura

Taron jama'a a lokacin rani yana yaɗa ƙyanda da sanƙarau. Kafin biki a duba katin yaro. Allurar ƙyanda ta farko ana yin ta yana wata 9, akwai kuma ta biyu bayan ya shige shekara 1. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Kada tsoron kuɗi ya sa a jinkirta.

Iyaye, rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a yi biki lafiya, a gama lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wa ke duba ƙaramin yaro a gidanku ranar biki?
2. Numfashi nawa a minti ɗaya ne ke nuna a kai yaro likita?
3. Me za ka yi idan yaro ya ƙone? Me ba za ka yi ba?
4. A ina kake ajiye kananzir da maganin ƙwari?