Yadda Ake Auna Gajiyar Masu Ciwon Daji

A ƙasar Hausa in an tambayi mutum, "Ina gajiya?" sai ya ce, "Ba gajiya," ko da kuwa ya wuni yana noma. Wannan ladabi ne mai kyau, amma a gaban likita yana iya cutar da majinyaci, musamman mai ciwon daji, watau sankara.

Gajiyar mai wannan ciwo dabam take da tamu. Ɗalibi in ya gaji da wasan ƙwallo, barcin dare ɗaya ya ishe shi. Shi kuwa mai sankara yakan tashi da safe jikinsa a mace, har wanka ko cin abinci ya zame masa babban aiki. Ciwon da kansa yana jawo haka, hakanan magungunansa. Wanda ake ɗura wa magani ta jijiya yakan fi galabaita a 'yan kwanakin da ke bin ɗurin. Wanda ake yi wa gashi da na'ura kuwa, gajiyarsa takan ƙaru ne mako bayan mako. Ƙarancin jini, da zafin ciwo, da rashin barci, da rashin cin abinci, da damuwa, duk suna daɗa ta.

To, yaya za a auna abin da ido ba ya gani? Zazzaɓi yana da ma'auni, gajiya kuwa sai an ji daga bakin mai ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka likita ko nas yakan ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Sifiri yana nufin babu gajiya, 10 kuwa ita ce mafi tsananin da zai iya zato. Daga 1 zuwa 3 ƙarama ce, 4 zuwa 6 matsakaiciya, 7 zuwa 10 mai tsanani. Ƙaramin yaro akan tambaye shi kawai ko ya gaji ko bai gaji ba. Akwai kuma takardun tambayoyi, kamar wadda masana na asibitin M. D. Anderson da ke Amurka suka fitar a 1999, mai tambayoyi 9. Tana bincika yadda gajiya ta taɓa tafiyar mutum, da aikinsa, da zamansa da jama'a.

In lambar ta kai 4, sai likita ya zurfafa bincike. Zai tambayi lokacin da gajiyar ta fara, da yadda barci da cin abinci suke, sa'an nan ya sa a auna jini. In ƙarancin jini ne, yana da magani. In zafin ciwo ne ke hana barci, sai a rage shi. Abin mamaki kuma, an gano cewa ɗan tattaki kullum, gwargwadon ƙarfin mutum, ya fi yawan kwanciya rage wannan gajiya. Akan maimaita awon a kowace zuwa asibiti, domin a san ko ana ci gaba ko ana ci baya.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu ma muna da aiki a nan. Majinyacin da ya ɓoye gajiyarsa yana iya karaya ya daina zuwa karɓar magani, alhali da ya faɗa da an taimake shi. In muna da mai jinya a gida, kada mu kira shi rago. Mu ɗauke masa ɗiban ruwa da wanki, mu rubuta masa lambar gajiyarsa kullum a ɗan littafi, ya tafi da shi wurin likita.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.